Hoton da Na Ɗauka a Yawunde

A bakin iyakar Kamaru na fara jin tsoro na gaske. Kuɗin keken ɗinkina da na babur ɗina, waɗanda na ɗaure a ƙugu tun daga Gombe har suka gurje mini fata, na zazzage su gaban mai canji. Ya danna 'yar na'urarsa, ya miƙo mini takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Na tambaye shi ko ya yi kuskure. Ya ce, "Malam, nairarku ce ta yi kuskure, ba ni ba." Na koma gefe na zauna a kan jakata.

Sunana Usmanu. A gidanmu da ke unguwar Gabukka a Gombe, Manu ake ce mini, a Pantami kuma, inda na yi shekara tara ina ɗinki, Tela ake kirana. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Mugayen mutane sun cuce ni a wannan tafiya, amma kafin su taɓa ni na riga na cuci kaina da yatsuna, kuma wannan ne nake so in faɗa.

Muna da guruf a waya, mu da muka yi firamare ɗaya. Don zumunci aka buɗe shi, ya koma wurin musu. A zauna a ƙasa ko a fita waje, wannan maganar ba ta taɓa ƙarewa. Nakan ajiye yadin mutane a kan keke in yi ta rubutu har mai kaya ya zo ya tarar ban ko yanka ba. Da kasuwa ta mutu mini na fara tunanin Gabon, na yi wata biyu ina auna abin da zan samu in na sayar da komai, kullum sai in ga bai kai ba. Ran nan na cire girman kai na yi tambaya guda ɗaya a guruf: nawa ne zai kai mutum Gabon?

Wani ya ce Saudiyya ta fi. Wani ya ce masu fita ba su da tawakkali. Aka koma zagin gwamnati, aka dawo kan ko tawakkali yana hana neman abinci, mutum biyu suka zagi iyayen juna, ɗaya ya fita aka sake sako shi. Har yamma ba wanda ya ambaci kuɗin mota. Mutum ɗaya ne ya amsa mini, Bulus, wanda muka zauna benci ɗaya a aji huɗu, yanzu yana koyarwa, yana zaune a Manawashi. Ya rubuta, "Tela, duk abin da aka ce maka ka ninka shi uku. In ba ka da shi ka zauna. Hanyar nan ce ta cinye yayana."

Abin da nake tsoro ke nan, shi ya sa maganar ta ɓata mini rai. Na rubuta masa, "Kai da ba ka taɓa wuce Kaltungo ba za ka koya mini hanya? Yayanka ma ragwanci ne ya kashe shi." Mutane suka yi ta turo fuskar dariya. Daga ranar zama ya gagare ni, domin na riga na faɗa gaban kowa cewa zan tafi, kuma abin da ke hannuna ya isa.

Daga iyaka zuwa Garwa ban ƙirga shingaye ba. A kowane shinge sai a sauke mu, a duba takardu, ni kuma nawa ba su cika ba, sai in koma bayan mota in kwance ƙugu. Ba na jin Faransanci. In aka daka mini tsawa ban san ko tambaya ake yi ba ko zagi, sai dai in ce to. Lambar mutum ɗaya nake riƙe da ita, wani da ake kira Shef, wanda aka ce yana tsallakar da mutane zuwa Gabon daga garin Kiyosi. A guruf na samu lambar. Wanda ya turo ta ma bai taɓa ganinsa ba, shi ma turo masa aka yi.

A tashar Ngaundare na tsuguna gaban wata dattijuwa mai sayar da kindirmo. Ina ƙirga 'yan silallana da Fillanci a hankali, ashe ta ji. Ta ce, "Ɗan wa ne kai, daga ina?" Na ce Gombe. Ta tambayi inda na nufa, na gaya mata.

"Wa ke jiranka a can?"

"Babu kowa, Goggo."

Ta dube ni ta dubi jakata. Ta ƙara mini ludayi biyu, ta ture hannuna da na miƙa kuɗi. Ta ce, "In ka kai Yawunde ka ji aljihunka ya yi sauƙi, ka juyo. Ba wanda zai kama ka don ka juyo." Na yi godiya na tashi. A raina na ce ita ba ta san 'yan guruf ɗinmu ba.

Yawunde gari ne na tuddai da ruwan sama. Na sauka a unguwar Hausawa, na yi kwana uku a barandar wani masallaci ina jiran Shef ya kira ni. Burodi nake saya in raba shi biyu, rabi da safe rabi da yamma. Duk motar masu kaki da ta wuce sai in sunkuyar da kai. Ina kewar ƙarar kekena, ina kewar mai shayin bakin shagona da muke faɗa kullum a kan sukari. A rana ta uku na buɗe waya na ga wani ya rubuta, "Ina Tela? Ko har an juyo?" Aka bi shi da dariya.

A nan na yi abin da ya kusa halaka ni. Na wanke fuska, na sa rigata mai kyau, na taka har wani dogon gini na gilashi. Akwai farar mota a gabansa. Na jingina da ita, na roƙi wani mai wucewa da hannu ya ɗauke ni hoto. Na ɗora a guruf na rubuta, "Alhamdulillahi, mun sauka Libarbil ta Gabon lafiya. A gaida masu lissafi." Na tura wa Bappa Siddi ma, ƙanin mahaifina, wanda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba. Aka yi ta yi mini barka. Wasu har suna cewa in nema musu hanya. Na ji daɗi na kamar rabin awa, sannan na koma baranda na ci rabin burodina.

Washegari Shef ya kira. Na hau mota zuwa Kiyosi, gari ne a bakin daji inda ƙasashe uku suka haɗu. Shef gajere ne mai fara'a, Hausarsa tas, har ya karɓi jakata ya riƙe mini. Ya kai ni wani gidan katako a bayan kasuwa. Ya karɓi abin da muka yi ciniki, wanda shi ne kusan duk abin da ya rage mini. Ya karɓi fasfo wai za a buga hatimi, ya karɓi waya wai saboda tsaro. Na shiga ɗaki na tarar da maza goma zaune a ƙasa, ba wanda ya amsa sallamata da ƙarfi. Sai na ji an ɗana kwaɗo ta waje.

Wani dattijo ɗan Chadi, Malam Abakar, ya matsa mini wuri. Na ce masa yaushe za a tsallaka. Ya ce, "Ni kwanana ashirin ina wannan tambayar."

Da la'asar Shef ya dawo da wasu ƙarti biyu, fara'ar ta tafi. Ya ce kuɗin hanya ya tashi, kowa sai ya ƙara ninkin abin da ya bayar. Na ce ba ni da shi, a ba ni fasfona in koma. Ya ce komawar ma kuɗi ce. Ya ce, "Kana da dangi ai. Kowa yana da dangi. Wanda danginsa suka ƙi shi, akwai masu haƙar zinariya a cikin daji, kullum suna neman hannu." A kwana na huɗu na ga abin da yake nufi. Wasu mutane masu dogayen takalman roba suka zo da hantsi, aka nuna musu wani magidanci ɗan Nijar, suka fita da shi. Bai yi gardama ba. Butarsa ta zauna a lungu, ba wanda ya iya taɓa ta. Daga ranar ko ƙarar takalmi na ji a waje sai fitsari ya kama ni. Tari ya sarƙe ni saboda sanyin ƙasa, muryata ta dishe. Malam Abakar yakan gutsura mini rogon da ake ba shi, ya ce haƙoransa ba sa iyawa, alhali na san yunwa yake ji kamar ni.

Kullum bayan azahar ana ba mu wayoyinmu na ɗan lokaci don mu roƙi 'yan uwa. Shef ya ce mini Juma'a ce iyakata. Na buɗe guruf na rubuta gaskiya. Na ce ban kai Gabon ba, ina kulle a Kiyosi, a taimake ni don Allah, in ba haka ba za a sayar da ni.

Amsa ta farko ita ce, "An yi wa Tela kutse. Kada wanda ya tura ko sisi." Wani ya ɗoro hotona da farar mota ya ce, "Wannan ne a kulle?" Na tura saƙon murya ina kuka. Aka ce ba muryata ba ce. Wani ya ce tawa ce amma yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon murya. Aka shiga musu a kan ko na'urar tana jin Hausa. Wani ya ce da ma shi ya faɗa Saudiyya ta fi, wani ya ce masa ya yi shiru tunda ko Kano bai sani ba. Ina zaune a ƙasa ina kallon saƙonni suna gudu, kowa yana son ya ci nasara, kamar yadda ni ma nake yi shekara da shekaru. Kafin a karɓi wayar, mai kula da guruf ya cire lambata don kare jama'a.

Ranar Laraba na kira Bappa Siddi. Ya ce, "Manu yana Gabon, na ga hotonsa da idona. Kai ka ji tsoron Allah." Na juya zuwa Fillanci. Ya ce Kamaru cike take da masu Fillanci, kuma Manu ba haka muryarsa take ba. Ya kashe. Na sake kira bai ɗauka ba.

Ranar Alhamis aka miƙo mini wayar, ban ma san wa zan kira ba. Tana hannuna ta yi ƙara. Bulus ne.

"Tela, kai ne?"

"Ni ne, Bulus. Wallahi ni ne."

"Na sani. Motar da ka jingina da ita lambar Kamaru gare ta. Tun ranar na gani, na yi shiru ne kawai. Da aka ce kana kulle na ce to, wannan ita ce gaskiyar. Ga ni a gidanku. Bappanka ya ce ba zai yarda ba sai mahaifiyarka ta ji muryar. Zan buɗe kowa ya ji, ka yi magana."

Na ji kukan kajin gidanmu. Na ji muryar Bappa da ta maƙwabta biyu da aka kira shaida, na ji ƙanwata Hansatu tana shessheƙa. Na ce, "Dada, ni ne. Dada, ki gaya musu ni ne."

Shiru.

Ni ɗan fari ne. A gidan Fulani irin namu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Dada ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake in akwai mutane, in tana da magana da ni sai ta gaya wa Hansatu ko da ina tsaye a wurin. Ba mu taɓa magana a waya ba. Yanzu ga ƙanin mijinta, ga maza baƙi, an ce ta buɗe baki ta nuna damuwa a kaina. Daga baya Hansatu ta gaya mini cewa juya fuska ta yi ga bango, tana murza bakin zaninta.

Bappa shi ma Bafillace ne, ya san wannan sarai, amma tsoron 'yan damfara ya rufe masa ido. Na ji ya ce, "Kun gani ko? Ba ta san muryar ba." Shef yana tsaye a kaina ya miƙo hannu, lokaci ya cika. Na riƙe wayar da hannu biyu na ce masa don girman Allah minti ɗaya.

Sai na ji Bulus ya ce, "Bappa, mu je zaure in nuna maka wani abu a hoton nan, a nan rana ta yi yawa ba a gani. Malamai, ku ma ku zo ku gani. Hansatu, kawo mana ruwa zaure." Na ji an ajiye wayar a kan tabarma. Na ji takalma suna nisa, na ji ƙarar ƙyauren langa-langa. Kajin ma kamar sun yi shiru. Can na ji numfashi kusa da wayar.

Da Fillanci ta yi magana, ƙasa-ƙasa. "Suna dukanka?"

"A'a, Dada."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kake yi. Tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya sai ka yi saurin amsawa."

Sai na ji ta ɗaga murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce, "Hansatu, ki ce wa Bappanku ya kwance saniyar nan ya kai tike yanzu." Shef ya fizge wayar.

Tike ita ce kasuwar dabbobi. Saniyar kuwa ita kaɗai ta rage wa Dada daga garken mahaifinta, a bayan gida take kiwonta, da nononta take sayen gishiri da sabulu. Ko lokacin jinyar Baba ba a taɓa ta ba.

Bulus ya hana a tura wa Shef kuɗi ta waya, ya ce mugun zai karɓa ne ya nemi ƙari. Bappa, da ya gaskata, ya san hanyar da mu ba mu sani ba. Dillalin da ya sayi saniyar ya kira wani a Mubi, na Mubi ya kira na Ngaundare, shi kuma ya kira wani mai fataucin shanu da ke sauke kaya a Kiyosi, don ya biya Shef hannu da hannu, daga baya a mayar masa daga kuɗin saniyar. Ba takarda, magana ce kawai daga baki zuwa baki. Ni ban san ana wannan ba. Na wayi gari ranar Juma'a ina sauraron takalma.

Da hantsi aka buɗe kwaɗon. Na ga inuwar mutum biyu, na dubi takalmansu. Ashe Shef ne da wani dogon dattijo mai sanda da rawani. Dattijon ya ce, "Wane ne ɗan Gombe?" Na ɗaga hannu. Ya ce wa Shef, "Fasfonsa da wayarsa." Shef ya kawo har yana rusunawa, domin kasuwar garin a hannun masu shanu take. Malam Abakar ya cusa mini 'yar takarda mai lambar matarsa. Na roƙi dattijon ko zai yi magana a kansa. Ya ce, "Mutum ɗaya aka aiko ni." Na fita ban iya waiwayawa ba. Na kira matar a hanya na gaya mata inda yake. Ta yi ta tambayata yadda za ta yi. Bayan sati biyu lambar ta daina shiga, har yau ban san abin da ya same shi ba.

A bayan motar shanu da ta sauke kaya na dawo arewa, kwana biyar, ina zaune a kan busasshen kashin shanu. Duk shingen da muka tsaya sai in kwanta in rufe kaina da buhu.

Bulus na tarar a tashar Gombe da babur ɗinsa. Na shirya magana mai tsawo tun daga Garwa, da na gan shi duk ta zube. Na ce, "Bulus, abin da na faɗa a kan yayanka."

Ya ce, "Ya yi mini zafi, Tela. Har yanzu yana yi." Ya tayar da babur. "Hau mu tafi. Kuma ka matsa baya, warinka zai kashe ni kafin Gabukka."

Ya sauke ni a ƙofar gida ya ƙi shiga. Hansatu ta rungume ni tana kuka tana cewa Hamma, wato yayanta, ya dawo. Bappa ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Dada tana bakin murhu. Na tsuguna daga nesa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da tura itace cikin wuta. Ta ce, "Hansatu, ki ba shi ruwa a bokiti. Ki ce masa kada ya zauna mini a tabarma sai ya yi wanka."

Na ɗauki bokitin na zagaya bayan gida. Turken yana nan, igiyar tana kwance a ƙasa. A gefe ga ɗan maraƙin da aka raba da uwarsa, ya rame, muryarsa ta dishe saboda kuka. Ya taso ya kama yatsuna yana tsotsa. Na ajiye bokitin na tsaya, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Daga bakin murhu na ji muryar Dada, ba da ni take ba, ba kuma da Hansatu ba. Ta ce, "Sai an samu mai dama masa dusa safe da yamma, in ba haka ba ba zai kai kaka ba."

Na je na nemo ƙwaryar dusar kafin in yi wankan.